Ƙwaryar Ƙasa ta Dutsin Gauɗe

Na'Allah ya ƙarar da ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a bayan sitiyarin babbar mota, kuma ba ya bari kowa ya manta da haka. In ka ce yau rana ta yi zafi a Sabon Birni, sai ya ce ai ba ka ga ta Arlit ba. In ka yaba kifin gulbin Rima, ya ce ka bari sai ka ci na Yawuri tukuna. Ko tuwon gidan suna bai tsira daga bakinsa ba, don da ya kai loma ɗaya zai tuno wata mai tuwo a tashar Maraɗi da ta fi kowa iya miyar kuka. 'Yan majalisarsu ta bakin tasha sun saba da shi, har sukan ce babu abin da za a nuna wa Na'Allah a duniyar nan bai ce ya ga yayansa ba.

Da idonsa ya fara hazo, mai motar ya karɓi makulli cikin mutunci, ya sallame shi da buhun shinkafa da sabuwar riga. Na'Allah ya dawo gida ya zauna. To, zaman ne ya tono abin da ƙarar inji ta daɗe tana danne masa.

Matarsa Fatu ta rasu ba ya ƙasar. Wata damina ce mai ruwa da yawa, yana can Agadas da lodin albasa, ita kuwa ta taso daga garin Isa za ta sunan ɗiyar ƙanenta a wani ƙauye. Ruwa ya cika fadama, motarsu ta kafe, ciwon ƙirjin da take ɓoyewa ya taso mata a nan. Mutanen wani ɗan ƙauye da ke kan dutse suka sauko suka ɗauke ta, kuma a hannunsu ta cika. Ƙanenta Wada ne ya je daga baya ya karɓo kayanta, shi ya faɗa wa Na'Allah a waya cewa an yi mata sutura a Dutsin Gauɗe, can bisa dutse.

Wannan kalma ta bisa dutse ita ta tsaya masa a rai shekara da shekaru. Direba ne, ya san yadda ake binne baƙon da ya mutu a hanya. Ya sha tsayawa ya sa hannu: ɗan rami iya gwiwa a gefen titi, a naɗe mutum a abin da aka samu, a tura ƙasa a yi gaba, kowa yana duban motarsa. A inda akwai ƙasa ke nan. A kan dutse fa, inda ko gatari ba ya shiga? Abin da idon zuciyarsa ke nuna masa shi ne tsibin duwatsu, da karnuka suna shawagi. Bai taɓa tambayar Wada dalla-dalla ba, don yana tsoron amsar. Ya yi ta cewa zai je, yau hanya ba lafiya, gobe lodi ya taso, shi kuwa a ransa ya san ba hanyar ce kaɗai ke riƙe shi ba. Yana son Fatu, irin son da dattijo ba ya faɗa, kuma ya kasa jure tunanin cewa ta kwanta kamar wadda ba ta da kowa.

Bayan an gama girbin gero, hanya ta ɗan lafa, ya shirya ba tare da ya gaya wa ɗiyarsa Ikilima da ke aure a Sakkwato ba, don ya san za ta hana. Ya ƙulla goro da dabino da sukari a jaka, ya shiga bas zuwa Isa, daga can ɗan kabu-kabu ya bi da shi ta cikin gonakin dawa har gindin dutsen, ya sauke shi ya juya.

Na'Allah ya ɗaga kai ya dubi Dutsin Gauɗe, sai ya ji dariya ta taso masa duk da nauyin da ke ransa. Shi da ya hau da tirela kan tsaunukan Jos, ya ga duwatsun Azbin da idonsa, wannan ai suri ne. Wani jan dutse ne kwance kamar raƙumin da ya durƙusa, da 'yan rumbuna da jinkaye a doronsa. Ba a banza ba aka ce raina kama ka ga gayya, amma a lokacin karin maganar ba ta zo masa ba.

A gindin dutsen akwai rijiya, mata suna ɗiba. Gefe guda kuma wani rami ne na jar ƙasa, da ƙoren duma a kife a bakinsa. Ya yi sallama, ya tambayi hanyar hawa. Wata matashiyar mata da ya ji ana kira Nuriyya ta gaishe shi har ƙasa, ta nuna masa hanyar, sannan ta ɗauki ƙwarya ɗaya ta cika ta da ƙasar nan, ta miƙo masa da hannu biyu kamar mai ba shi fura.

"Ɗiyata, mi za ni yi da ƙasa?"

"Bisa za ka kai ta, Baba. Nan ba a hawa hannu rabbana. In ka isa za a gwada maka inda aka zuba ta."

Ta koma ga gugarta, abinta, kamar ta gama bayani. Ya duba ya ga kowace mace da ta ɗora tulu ko jarka a ka, sai ta ƙulla ɗan ƙunshin ƙasa a gefen zane kafin ta kama hanya. Ya ce a ransa lallai wani ne ke ginin ɗaki a sama, ya ga banza ya mai da kowa lebura. Ya taɓa ganin garin da ake sa baƙo cire takalmi, da wanda ake sa shi gaida itace, amma bai taɓa ganin inda ake tarar baƙo da dako ba. Kunyar yarinyar ce ta sa ya karɓa.

Hanyar ba ta da tsawo a ido. A ƙafa kuwa wani zance ne. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana zaune, ƙafarsa ba ta san komai ba sai birki da totur, yau ga jaka a kafaɗa, ga ƙwarya a hannu, ga dutse yana ta miƙewa a gabansa. Tsaunukan da yake alfahari da su ashe inji ne ya hau su, shi rakiya ya yi. Matan da ya bari a rijiya suka zo suka wuce shi ɗaya bayan ɗaya da tuluna a ka, kowace ta yi masa sannu. Da ya kai wata kwana inda wani gauɗe ya tsiro a tsagin dutse, gwiwoyinsa suka ce ba su san zancen ba. Ya zauna yana haki, ya duba sama ya duba ƙasa bai ga kowa ba, sai ya tuntsurar da ƙasar a bayan wani dutse. Ya ce mai ginin ya yi haƙuri, ƙwarya ɗaya ba za ta hana ɗaki tashi ba.

Ya isa sama ana shirin sallar azahar. Garin duka bai kai wata unguwa ta Sabon Birni ba. Gidajen a manne suke da juna, katangunsu dutse ne aka jera aka liƙe da laka, rumbunan an ɗora su kan duwatsu ta yadda gara ba ta da hanya. A kowane kwarmi da ƙasa ta taru an shuka wani abu, nan kuɓewa, can yakuwa, can kuma 'yan karan gero da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Iska tana kaɗawa mai daɗi, babu sauro, babu ƙarar janareta. Daga bakin masallaci kana hango fadama shimfiɗe har inda ido ya gaza, da shanun Fulani ƙanana kamar an watsa farin wake. Akwai wani dutse mai faɗi a gabas da ya ga mutane biyu tsaye a kansa, kowa da waya a kunne, daga baya ya ji nan kaɗai ake samun sabis, wani lokacin ma na Nijar ne ke shigowa. Ya laluba a ransa ya nemi garin da zai kwatanta da wannan, bai samu ba.

Dattawan da ke zaune a inuwar masallaci suka amsa sallamarsa da fara'a. Amma ya lura idon kowa sai da ya sauka a kan ƙwaryar da ke hannunsa kafin ya dawo fuskarsa. Limamin garin, wani siririn dattijo mai suna Malam Lauwali, ya karɓi ƙwaryar ya kife ta a gefe, ya sa aka kawo ruwan alwala da tabarma. Aka yi salla, aka kawo fura mai sanyi da nono. Na'Allah ya sha, ya buɗe baki zai ce ta yi kama da ta wani wuri, sai ya ji ba ya son faɗa, ya ƙara kurɓa kawai.

Malam Lauwali bai tambaye shi abin da ya kawo shi ba, sai gaisuwa yake ta jerowa, ina gida, ina gajiya, ina mutanen Gobir ta can. Shi kuma Na'Allah, da bakinsa bai taɓa mutuwa a majalisa ba, ya yi ta zagaye. Ya yi zancen farashin gero, ya yi na hanya. Tambayar tana ransa, ya san da ya furta ta za a tashi a kai shi ga tsibin duwatsun nan, kuma daga ranar ba shi da sauran wataƙila da zai riƙe.

Suna cikin haka sai ga wata tsohuwa ta ɓullo ta bakin hanya, 'yar ƙarama, ta ranƙwafa har kamar za ta taɓa ƙasa da haɓa. Da ƙwarya cike a kanta, da wani ƙunshi kuma a bakin mayafinta, tana tafe tana mita tun kafin ta iso. Ba da kowa take ba, kuma da kowa take.

"Wane na wanga da Allah yah hore ma ƙahwahu, yak kai ƙasa har gindin gauɗe yaz zubar? Jar ƙasa mai kyau. Sai da nid duƙa nit tattare ta da hannu, ni da ban iya miƙewa. Malam, ka yi ma yaran garin ga magana."

Malam Lauwali ya sunkuyar da kai yana gyara carbi, sauran dattawan kowa ya sami abin kallo a wani gefen. Na'Allah ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige, sai dai a garin nan ko ƙasar da za ta tsage babu. Ya yi ta maza ya ce shi ne, baƙo ne, bai san ginin wa ake yi ba, gwiwa ce ta ci amanarsa. Tsohuwar ta juyo ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi, ta ce to, baƙo ai makaho ne ko da idonsa, Allah ya ba da lafiyar gwiwa. Ta wuce abinta ta bayan masallaci.

A nan Malam Lauwali ya ga ya kamata ya yi bayani. Ya ce ba gini ake yi ba. Kakanninsu sun hawo dutsen nan ne tun zamanin yaƙe-yaƙe, bayan watsewar Alƙalawa, lokacin da sauka ƙasa ke iya zama ajali. Sun sami mafaka, amma ba su sami inda za su rufe mamatansu ba. Sai suka zaɓi wani dogon tsagi tsakanin duwatsu biyu, suka datse shi da katanga, suka riƙa hawo da ƙasa suna zubawa. Da zaman lafiya ya zo ba su daina ba, don gindin dutsen fadama ne, da damina ruwa ke kwana a ciki. Kowane gida da yankinsa, kowane mutum tun yana da ƙarfi yake tara tasa, ƙwarya bayan ƙwarya, har ta yi zurfin da za a haƙa uwar kabari da ɗiyarsa yadda addini ya ce. Abin da baƙo ya hawo da shi kuwa, a rabon baƙi ake zubawa, saboda wanda Allah zai kawo ya cika a hannunsu.

Na'Allah ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, shi ne mijin matar nan da motarsu ta kafe a fadama wata damina.

Liman ya dube shi. Ya ce Allah ya jiƙan ta, ai sun yi ta zuba ido. Sannan ya miƙe ya ce su je.

Maƙabartar tana bayan gari, inda dutsen ya rabe biyu. Aka bi da shi ta wata 'yar ƙofa ta kara. Abin da ya gani ba tsibin duwatsu ba ne. Fili ne na jar ƙasa, a share tas, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da katangarsa, kaburbura a jere suna fuskantar gabas. Har da wata magarya da ta yi inuwa a tsakiya. Duk ƙasar da ke wurin, har wadda yake takawa, a kan mutane ta hau. Ya taka a hankali kamar mai tafiya a kan shimfiɗar wani.

Malam Lauwali ya tsaya a hawa na sama, kusa da jikin dutse, ya nuna masa wani kabari mai tudu sosai, an kewaye shi da ƙananan duwatsu. Ya ce ga ta nan. Ya ce a waccan daminar ruwa ya karya katangar ƙasa, ya kwashe rabon baƙi gaba ɗaya ya sauka da shi fadama. Ranar da baƙuwar ta cika, a duk maƙabartar wuri ɗaya ne ya yi zurfin da ake bukata babu kowa a ciki, na Inna Mu'minatu, tsohuwar da ta gama yi masa faɗa yanzu. Tun tana amarya take tara shi. Ana cikin shawarar yadda za a yi, ta aiko daga cikin gida ta ce a daina dogon zance, a haƙa nata.

Na'Allah ya durƙusa, gwiwoyin da suka ƙi hawa ba su yi gardama ba. Ya ɗora tafinsa a kan ƙasar, ya ji ta da ɗumin rana. Ya yi wa Fatu addu'a, ya maimaita, hawaye yana bin gemunsa bai damu ya share ba. Baƙin ciki ne, amma ba irin wanda ya hawo da shi ba. Abin da ya fi yawa a cikinsa godiya ce, ta cika masa ƙirji har ya rasa wa zai fara yi wa, Allah ko mutanen nan. Liman ya ja gefe ya ba shi wuri.

Can sai ya ji shuuu daga sama, ƙasa tana zubowa. Ya ɗaga kai ya ga Inna Mu'minatu a bakin dutsen, tana juye ƙwaryarta a wani gurbi da ke dama da kabarin Fatu. Mata ba sa shiga maƙabarta, daga nan sama suke zubawa, maza su baje. Gurbin ya kusa cika, saura kaɗan ya kamo na kusa da shi. Ƙunshin mayafinta kuwa, ƙasar da shi ya zubar, ta miƙa wa liman ta ce a kai rabon baƙi, don ba tata ba ce.

Suka fito suka zagaya suka same ta zaune a kan dutse tana huce gajiya. Malam Lauwali ya gaya mata ko wane ne. Ba ta yi mamaki ba, ta dai ƙara kallonsa, wannan karon a hankali.

"Kai na direban. Ta hwaɗi mani kai dogo na, ba ta hwaɗi mani raggo na ba."

Na'Allah ya yi dariya da hawaye a fuska. Ya tsuguna a gabanta ya fara godiya, kalmomin suna harɗewa. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ba shi labarin da bai roƙa ba amma shi ya fi bukata. Ta ce a kan gadon kara aka hawo da Fatu, maza huɗu, tana ta ba su haƙuri wai ta yi musu nauyi. A ɗakin Inna aka sauke ta. Ta sha kunu, ta ji dama-dama, har ta ce a fitar da ita waje ta ga gari. Aka zaunar da ita a nan, kan dutsen nan, ruwa ya ɗauke, fadama duk ta zama gulbi ɗaya tana walƙiya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta yi dariya ta ce maigidanta ba shi da zance sai duwatsun da ya hau, yau ga shi ta hau wanda bai taɓa hawa ba, in ta koma gida sai ta ishe shi da labari. Da la'asar ciwon ya dawo. Kanta yana kan cinyar Inna ta yi kalmar shahada, ba ta wahala ba. Inna ce ta yi mata wanka da hannunta, kuma duk namijin da ke garin ya tsaya a sallarta.

Na'Allah ya ciro jakar goro da dabino da sukari ya ajiye a gabanta, yana jin kunyar ƙanƙantarsu. Ta ɗauki goro ɗaya ta ɓare, ta ce a kai sauran masallaci a raba.

Sannan Na'Allah ya ce abu ɗaya yake roƙo. Ta huta haka nan. Shi zai zauna a garin, in an ba shi wurin kwana, ya cika mata gurbin nan da kansa, ko da rarrafe zai riƙa hawa. Abin da ta ba matarsa ba ya biyuwa, amma aƙalla kada ta ƙara ɗaukar ƙwarya saboda su.

Tsohuwar ta girgiza kai tun bai rufe baki ba. Ta ce jikokinta sun yi wannan roƙon, liman ma ya yi, duk ta hana. Da gurbinta na farko ya cika, zama ta yi tana jiran mutuwa, ƙafafu suka kumbura, ko ƙofar gida ba ta fita. Da aka sa baƙuwa a ciki, dole ta miƙe ta koma rijiya, ga shi har yau tana hawa da ƙafarta, sa'o'inta kuwa duk suna ƙarƙashin magarya. Ta ce ita ce ke bin Fatu godiya, kuma ba ta son kowa ya gaggauta mata aiki.

"Ni ina hannun dama gare ta, mun yi maƙwabtaka ke nan. Ba za ta kwana ita ɗai ba." Ta nuna da haɓa. "Amma dubi hagu."

Ya leƙa. A hagun kabarin Fatu babu komai sai wani rami na dutse tsirara, mai zurfi, ko ƙurar ƙasa babu a cikinsa. Malam Lauwali ya ce gidaje duk sun ƙi wurin ne saboda cin ƙasa, sai an daɗe ana zubawa kafin a ga alama. Na'Allah ya tsaya yana kallon ramin. Ya tuna gidansa na Sabon Birni, ɗaki biyu da shiru, da bencin bakin tasha inda kowa ya haddace labaransa. Ya tambaya ko baƙo yana iya tara tasa a garin nan.

"Wanda yac cika wuri, nashi na," in ji liman. "Hakanan munka ishe."

Inna Mu'minatu ta dafa sandarta ta miƙe. Ta dubi ramin, ta dubi gwiwoyin Na'Allah, ta taɓe baki.

"Da ƙahwahun ga naka, yaro, sai ka roƙi Allah tsawon rai. Aikin shekaru na."

Rabon Na'Allah da ya roƙa wa kansa tsawon rai tun ranar da Wada ya kira shi a Agadas. Ko wani ya yi masa addu'ar, baki kawai yake motsawa. Ya tsaya a bakin dutsen, tsakanin tsohuwar da liman, ya ɗaga hannuwansa biyu ya ce amin, kuma har cikin ransa yake nufi.